Ba Wanda Ya Gaya Mana Akwai Roba a Ƙugun Inna

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka yi wa mahaifiyata aikin ƙugu shekara goma sha huɗu da suka wuce.

Ranka shi daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi maka fatan alheri, kai da iyalinka da likitocin da ke aiki ƙarƙashinka. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah Shi taimaka, Shi ba da ikon sauke nauyi.

Sunana Sahabi. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Bodinga, amma ni ɗan Mandera ne ta ƙasar Shagari. Can aka yanke mani cibi, can kuma mahaifiyata take kwance yanzu haka da nake wanga rubutu. Ba zan kama sunan asibitinka ba, don ban fito in tozarta kowa ba, kuma na san in takardar ta iso hannunka za ka gane da kai nake. Sau biyu na rubuto maka a rufe na miƙa ofishin sakatarenka, ko “mun gani” ba a ce mani ba. Sau huɗu na zo da ƙafata, kullum a ce kana taro ko ka yi tafiya. Shi ya sa na fito fili, ko wani da ke da kunnenka zai karanta ya isar.

Bari in faɗi abin da nake nema tun daga farko, kada tsawon takarda ya ɓoye shi. Ban zo neman diyya ba, ba ni kuma da niyyar kai kowa ƙara. Shafi ɗaya nake nema daga ajiyarku, shafin da aka rubuta sunan kamfanin da ya ƙera gaɓar da kuka sa wa Inna a ƙugu, da girmanta. Robar da ke cikin gaɓar ta cinye. Likitan da ke duba ta yanzu ya ce in an san irinta, ƙaramin aiki zai iya isa ta sake takawa. In ba a sani ba, sai babban aiki, wanda shi kansa yake tsoron jikinta ba zai ɗauka ba. Ga yadda muka iso nan.

Na ɗaya. Zan fara da godiya, don wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Inna ungozoma ce. Tun ban san kaina ba ake buga mana ƙofa a ce wance na kan gwiwa, ta yafa gyale ta fita. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, tsakiyar damina, aka zo da mashin a ɗauke ta zuwa wata haihuwa wajen Kajiji. Hanya ta jiƙe, mashin ya zame, ta faɗi kan ɓarinta na hagu. Muka kai ta wurin maɗori, ya ja, ya ɗaure, ya ce a jira. Wata biyu tana kwance, ƙafar sai ƙara gajarta take yi. Da muka kawo ta asibitinku aka ce kan ƙashin cinya ne ya karye daga wuya, kuma ya riga ya mutu, sai an cire an sa na ƙira. Marigayi mahaifina ya sayar da shanun nomansa ba tare da ya yi shawara da kowa ba, aka yi aiki. Kwana uku da aikin ta tsaya da sanduna. Kafin a gama ɗaure gero tana zagaya tsakar gida. Wallahi ban manta da wannan alheri ba, kuma har gobe ina yi wa likitan da ya yi aikin addu'a, duk da an ce mani ya daɗe da barin ƙasar.

Na biyu. Abin da aka gaya mana ranar sallama. Ina nan tsaye, don ni aka kira, ni ne mai ɗan boko a gidan. Likita ya yi magana da Turanci da sauri, yana tafiya yana magana. Wata nas ta taƙaita mana da Hausa ta ce an sa mata ƙarfe, ta warke, kada ta ɗauki kaya mai nauyi har wata uku, kada ta zauna ƙasa sai an cire zare, mu dawo bayan mako shida. Muka dawo bayan mako shida, aka ɗauki hoton ƙashi, aka duba, aka ce mana da fara'a, “Kun gama da mu, Allah Shi kiyaye gaba.” Aka miƙo mani babbar ambulan mai ruwan ƙasa. Iyakar abin da aka faɗa ke nan, kuma zan iya dafa Alƙur'ani a kai.

Ba wanda ya ce akwai roba a ciki. Ba wanda ya ce abin yana da shekarun da yake yi. Ba wanda ya ce mu riƙa dawowa ana dubawa ko da ba ta jin komi. Ranka shi daɗe, ka san mutanenmu. In ka ce wa baƙauye ƙarfe, ka gama magana. Garmar kakana har yau tana gidanmu. A wurinmu ƙarfe shi ne abin da ake gada, ba abin da ake komawa a duba ko ya gaji ba. Nan da nan sunanta ya koma Inna mai ƙarfe a Mandera. Mata na tsokanarta wai in hadari ya taso ta shige ɗaki kada ta jawo masu tsawa. Ita kuma ta yi dariya ta ce masu, “Ku dut ƙasa za ta cinye ku, ni ko ƙarhena na nan.” Da wannan yaƙinin ta koma aikinta. Mu ma da shi muka bar ta ta koma.

Kuma ta yi aiki, ba na wasa ba. Ungozoma a tsugune take aiki, wani lokaci daga hantsi har azahar. Ta taka zuwa unguwannin nesa, ta taka ta dawo. Ta yi daka, ta ja guga, ta yi sallarta da ruku'u da sujada kamar kowa, ga makewayinmu na tsuguno. Shekara goma cur ba ta ce wash ba. Ban ce da an gaya mata za ta zauna ta naɗe hannu ba, na san halin uwata. Amma da an gaya mani, ni da na riƙa ɗauko ta ko tana so ko ba ta so, in kawo ta a duba.

Na uku. Yadda ciwon ya shigo ba mu sani ba. Nan sai na yi maka bayanin abin da ka riga ka sani a matsayinka na Bahaushe, amma ban ga alamar asibiti na lissafi da shi ba. Ni ne ɗan farin Inna. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, “wancan” take cewa, ko “na Bodinga”. Ba ta zama ta yi hira da ni, ba ta cin abinci gabana, balle ta buɗe baki ta ce mani ƙugunta na ciwo. Duk mako biyu nake hawa mota zuwa Shagari, in hau kabu-kabu zuwa Mandera. In na yi sallama sai in tarar da ita zaune kan tabarma bakin ɗakinta, ta kau da kai. In durƙusa in gaishe ta, ta amsa a taƙaice, in ajiye abin da na zo da shi, in fita wurin maza. Ba ta tashi sai na bar gidan. Ni ina ɗauka kunyarta ce ta kullum. Ashe da ta ji ƙarar mashin take lallaɓawa ta zauna, don kada in ga yadda take ɗingishi. Shekara uku tana yi mani haka. Shekara uku ina durƙusawa taku biyu tsakanina da ita, ban gani ba.

Ƙanwata Luba, wadda ke aure nan cikin gari, ita ta sani. Ita ke shafa mata man zafi, ita ke sayo mata ƙwayar ciwon jiki a kemis. Inna ta ce mata, “Sanyi na, ba komi. Kak ki gaya mashi.” Luba ta riƙe har ranar da aka zo kiran Inna haihuwa, ta tsuguna gaban mai naƙuda, ta kasa tashi, sai da mata biyu suka ɗaga ta suka fitar. Ranar Luba ta kira ni tana kuka. Na yi mata faɗa, faɗan da har yanzu nake jin kunyarsa, don ita umarnin uwa ta bi, ni kuwa ido ne da ni ban yi amfani da shi ba.

Na huɗu. Hoton da ya ruɗe mu. Na kai ta wani ƙaramin asibiti kusa da mu, aka ɗauki hoton ƙashi. Ma'aikacin lafiyar da ya duba mutumin kirki ne, na san shi, ba na zarginsa. Ya ɗaga hoton sama ya nuna mani ƙarfe fari tas, ya ce ga shi nan bai karye ba, bai goce ba, wannan sanyin ƙashi ne na tsufa. Ya rubuta allura da magani. Na yi hamdala, na mai da ta gida da murna. Muka ƙara cinye wata takwas a kan wannan magana, ciwo na gaba, ƙafa na ƙara gajarta, har ta kai in ta juya kan gado ana jin wani ƙas-ƙas daga ƙugun.

Sai da wani abokin aikina ya haɗa ni da likitan ƙashi a wani gari mai nisa, muka yi tafiyar yini guda da ita kwance bayan mota. Shi ne mutum na farko, cikin shekara goma sha huɗu, da ya zaunar da ni ya yi mani bayani da Hausa. Ya buɗe aljihun tebur ya ciro irin gaɓar ya ɗora mani a tafin hannu. Ga sanda ta ƙarfe mai dunƙulallen kai, ita ke shiga ƙashin cinya. Ga ɗan kwano na ƙarfe, shi ke zama a ƙashin ƙugu. Tsakaninsu ga wani farin kwano na roba mai tauri, a cikinsa kan ƙarfen ke juyawa duk taku ɗaya. Ya ce in ɗauka turmi ne da taɓarya, taɓaryar ba ta cika cinyewa ba, gindin turmin ne ke zurfi. Ya ce wasu robar takan kai su shekara ashirin ko fiye, wasu ba ta kaiwa, ya danganta da irin robar da kuma yawan aikin da aka sa ta. Ya ce robar da ake yi yanzu ta fi ta da jimiri, amma ko ita ba a ce a sa a manta da ita ba.

Na tambaye shi to don mi wancan hoton bai nuna ba. Ya ce roba ba ta fitowa a hoton ƙashi. Mai ido ne kawai zai lura kan ƙarfen ya bar tsakiyar kwano ya hau gefe, ya gane robar wajen ta sirance. Sannan ya faɗi abin da ya fi kashe mani jiki. Robar in tana cinyewa gari take zubarwa, mai laushin da ido bai gani. Jiki sai ya ɗauki garin nan baƙo ne ya tashi yaƙi da shi, garin yaƙin sai ya riƙa cin ƙashin da ke kewaye. Yakan yi shekaru yana ci ba ciwo. Ya nuna mani wasu duhu-duhu bayan kwanon a sabon hoto, ya ce nan ƙashi ne da, yanzu rami ne. Ya ce da ana duba ta lokaci-lokaci, da tuni an gani tun abin yana ƙarami. Ina riƙe da robar nan a hannuna, mara nauyi. Inna na kan keken marasa lafiya ta juya mana baya, don ba ta son a yi maganar ƙugunta gabana.

Ga inda ya tsaya. Ya ce kwanon ƙarfen ga alama bai riga ya saki ba. In aka san kamfanin da girman, za a nemo robar da ta dace da shi daidai, a buɗe a canza roba da kan ƙarfe, a cike ramukan, a rufe. In ba a sani ba, mai yiwuwa sai an ɓamɓare komi daga ƙashin da ya riga ya yi sanyi, a sake sabo. Aiki ne mai tsawo, mai zubar da jini, ga ta ta haura sittin, ga hawan jini. Ya aika hoton ga abokan aikinsa ko za su gane irin gaɓar da ido, suka ce kamfanoni da yawa nasu na kama da juna, ba za su yi rantsuwa ba. Ya hana ta taka ƙafar sam. Ya ce kada mu yi jinkiri, don ramin ba jiranmu yake yi ba, in kwanon ya saki to ƙaramin aikin ya wuce ke nan. Daga nan ya tambaye ni ina takardun aikin farko, ina tsohon hoto ya gwada da sabo.

Na biyar. Laifina. Ba zan ɓoye shi ba, don in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ambulan ɗin da kuka ba ni, a ɗakina na Bodinga na ajiye ta. Hoton ƙashi biyu ne a ciki, da katin asibiti, da wata takarda da aka manna wa wasu 'yan ƙananan takardu masu lambobi da zane-zanen layi. Ban san na mene ne ba, ba a kuma ce mani komi game da su ba. Wajen shekara biyar da aikin, aka kawo mana sababbin bencina a makaranta. A garinmu in ba a rubuta sunan makaranta jikin benci ba, bikin suna ɗaya ko walima ɗaya za a are shi, ba za a sake ganinsa ba. Hedimasta ya ce a rubuta. Kowa ya san masu rubutun allo da fenti da fallen hoton ƙashi suke yanka haruffa, don ba ya jiƙa, ba ya yagewa. Aka yi ta tambayar wa ke da tsohon hoto. Ni, da bakina, na ce ina da har guda biyu, na mahaifiyata ne, ta warke, an ce mun gama da asibiti.

Na ɗauko ambulan na zo da ita makaranta. Na zauna gindin bishiyar bedi da reza, na yanka haruffa ɗaya bayan ɗaya a kan hoton ƙugun uwata, ina raha da malamai, har ana yaba mani iya yanka. Ambulan da sauran takardun na jefa cikin kabad ɗin ofis. Da likita ya tambaya na dawo a guje na buɗe kabad ɗin. Rufin ofis ya yi shekaru yana yoyo, gara kuma ta gama da abin da ruwa ya bari. Na zube tarkacen a ƙasa ina tonawa da yatsu, ban sami ko kusurwar katin ba. Bencinan kuwa suna nan. Kullum da safe in na shiga aji su nake fara gani, yara na zaune a kansu, rubutun bai ko dushe ba. Akwai ranar da na kasa karatu, na ce su yi ta maimaita abin da ke allo, na fita bayan aji na yi kuka. Ban gaya wa Inna ba har yau. Luba kaɗai ta sani, kuma ba ta rama faɗan da na yi mata ba, abin da ya fi yi mani ciwo ke nan.

Na ɗauki nawa, Ranka shi daɗe. Amma ka duba da adalci. Ni malami ne, ina karatu da rubutu, na yi wannan. To ina ga manomin da bai san baƙi ba? Kalma goma ta isa ta hana ni. Da wanda ya miƙo mani ambulan ya ce wannan takardar a adana ta kamar takardar gona, wata rana za a neme ta, wallahi da cikin akwatin ƙarfe zan kulle ta.

Na shida. Abin da na tarar a asibitinku. Na je ɗakin ajiyar fayil, suka ce in kawo lambar kati. Na ce babu. Suka ce to suna. Nan ma wata ta taso. Ranar da muka fara kawo ta, ni na tsaya tagar yankan kati, akawu ya ce sunanta. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga kawunnaina tsaye bayana, bakina ya ƙi furta sunan mahaifiyata gaban mutane. Na ce Inna. Ya ce Inna wa? Na ce ta Mandera. Ya rubuta abin da ya rubuta, bai ƙara tambaya ba, ni ma ban duba ba. Yanzu an bincika da sunanta na yanka, babu. An bincika da Inna, suka ce Innonin da ke ajiyarsu ba su ƙirguwa. An duba kwamfuta, aka ce ba a fara sa sunaye ciki ba sai bayan shekarunmu. Wani dattijo mai kula da ɗakin ya tausaya mani ya leƙa da ni wani sito, na ga fayiloli ɗaure da igiya har kusa da rufi, an kwaso su lokacin da aka yi sabon gini, ba tsari.

Dattijon nan, Allah Shi saka masa, shi ya ba ni hanya. Ya ce in bar fayil. Ɗakin tiyata na da babban littafi nasa, duk aikin da aka yi sai an shigar, kuma in an sa wa mutum gaɓa akan manna lambarta a nan. Na sami babbar nas ta ɗakin tiyata, ta ce gaskiya ne, tsofaffin littattafan na kulle a sito, amma ba ta da ikon buɗewa sai da sa hannun Shugaba. Sa hannunka ke nan. Wata huɗu ke nan ina bin wannan sa hannun. A cikin wata huɗun nan Inna ba ta taka ƙasa ba, daga gado sai tabarma, Luba ke ɗaga ta, Luba ke kai ta makewayi. Matar da ta karɓi haihuwar uwa ta dawo ta karɓi ta 'yarta, yau ita ake juyawa.

Saboda haka ga roƙona, don Allah don Annabi.

Na farko, ka sa hannu a buɗe littafin. Ba sai an wahala ba. Shekara goma sha huɗu baya, lokacin kaka, mace, ƙugun hagu, daga Mandera. Aikin canza ƙugu ba kullum kuke yin sa ba a lokacin, na tuna mu kaɗai ne masu irin wannan aiki a ɗakin mata. In ma'aikatanka ba su da lokaci, a ba ni kujera da mai tsaro, zan ɗauki hutu in bi shafi-shafi da kaina. In an duba ba a samu ba, a gaya mani a rubuce, in daina rataye rai, mu san abin da za mu fuskanta.

Na biyu, in an buɗe littafin kada a tsaya kan Inna. Duk wanda kuka sa wa irin wannan gaɓa a shekarun nan, a neme shi. A yi shela a rediyo da Hausa da Fulatanci, a aika wa hakimai da limamai. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Na tabbata yanzu haka akwai wani tsoho wajen Kajiji ko Bodinga da ke shafa man zafi yana cewa ƙarfe ba ya ciwo.

Na uku, ku daina ce wa mutane ƙarfe kawai. Ku ɗora masu robar a hannu su taɓa, kamar yadda aka yi mani bayan lokaci ya ƙure. Ku gaya masu tana cinyewa, ku gaya masu yaushe za su dawo ko da lafiya lau suke ji. Kuma ku gaya wa wanda mara lafiya ba ya jin kunyarsa. In tsohuwa ce, ku kira 'yarta ko ƙanwarta, kada ku tsaya kan ɗan boko don shi ya iya Turanci.

Na huɗu, lambar gaɓa a rubuta ta a kati mai ƙwari wanda ruwa ba ya ci, a faɗi amfaninsa da baki, ku ma ku ajiye naku inda za a samu. Akawun taga kuma in aka ce masa Inna ko Baba, ya miƙa biro a rubuta masa sunan, ya san dalilin da ya sa ba a faɗa ba.

Na biyar, ku da kuka san aikin, ku riƙa sanar da ma'aikatan ƙananan asibitocinmu cewa ganin ƙarfe tsaye a hoto ba shi ne lafiya ba, su turo mutum gaba. Wata takwas ɗin da muka ɓata da suna hannunmu yanzu, da ban kai ga rubuta wannan ba.

Ranka shi daɗe, bari in gaya maka abin da ya sa na zauna na rubuta wannan a makon nan. Ranar Asabar na je Mandera. Ina shiga unguwarmu na ga wata maƙwabciyarmu sanye da takalmin Inna, wanda na sayo mata da ƙaramar salla. Na tambayi Luba. Ta ce Inna ta sa an tattaro takalmanta duka, ƙafa huɗu, ta rarraba wa mata. Luba ta hana, Inna ta ce mata, “Mi za ni yi da su? Mai tahiya ka sa takalmi.” Ita ta riga ta yanke wa kanta hukunci ke nan. Ni ban yanke ba. Na bi gida-gida, na cire kunya, na roƙi matan nan su maido, abin da ba a yi a garinmu, a karɓe kyautar da uwa ta bayar. Ba wadda ta yi mani musu, ɗaya ma har da hawayenta. Na zuba su cikin buhu na ɗauro bayan mashin na zo da su Bodinga, suna nan ƙarƙashin teburin da nake wanga rubutu a kai. Ba zan mai da su Mandera ba sai ranar da zan iya ajiye mata su bakin gado in ce ta sa. Ko ranar za ta zo ko ba za ta zo ba, Allah kaɗai Ya sani, amma hanyarta ta bi ta kan teburinka.

Allah Shi ja zamaninka, Shi ba ka lafiya da kai da zuriyarka. In mahaifiyarka na raye, Allah Shi bar maka ita kan ƙafafunta. In ta riga mu, Allah Shi haskaka kabarinta. Allah Shi sa ka karanta wannan da zuciya mai sanyi, Shi sa alƙalaminka ya zama sanadin alheri. Ranar Litinin mai zuwa zan sake zuwa, zan zauna kan bencin da ke ƙofar ofishinka har a tashi aiki.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sahabi, ɗan Inna ta Mandera,
malamin firamare, Bodinga.